Zoben Hanya

Litinin, 3 ga Maris

Yau ɗan maƙwabcina Tela ya zo ya kwashe kayan ubansa. Tun da safe nake jin ana jan gado ana buga shi da bango. Ban fita ba sai da ya ƙwanƙwasa mini. Ya ce jikin uban da sauƙi, amma ɓarin dama bai dawo ba, baki ma haka. Ba zai sake zama shi kaɗai ba. Sun ba shi ɗaki a gidansu, can garin da yaron yake aiki.

Sai ya ce, "Baba, kayan wasan nan fa? In haɗa maka su a kwali?"

Kayan wasa. Mutumin da tun yana rarrafe nake gyara wa ubansa keken ɗinki. Na ce ya bar su yadda suke, tashar ubansa ce. Teburin dama a kafe yake da bango, ba ya ɗaukuwa. Ya ja ƙofa, ya kai wa mai gidan da muke haya makulli.

Ban san dalilin da zan rubuta abin da na riga na sani ba. Wataƙila don yanzu ni kaɗai na san shi. Tsakanin falona da na Tela akwai kafa a bango, daidai tsayin tebur, inda wani tsohon bututu ya taɓa bi. Mu muka faɗaɗa ta, da izinin uban mai gidan na yanzu, Allah ya jiƙansa. Ta nan layin ƙananan jiragen ƙasanmu ya bi, tasha ɗaya a wurina, ɗaya a wurinsa. Layi ɗaya ne tak, kuma ba ma ganin juna, shi ya sa muka yi doka. Mai son tura jirgi ya buga ƙararrawa sau ɗaya, wato ina neman hanya. Wancan ya buga sau biyu, wato hanya taka ce. Jirgi kuma ba ya shiga kafar sai da zobe rataye a bututun hayaƙinsa. Zoben labule ne na tagulla, daga labulen marigayiya matata na cire shi. Wanda zoben yake wurinsa shi ke da ikon turawa. Doka ta ƙarshe Tela ne ya kafa ta: jirgi ba ya dawowa ta ƙofa. Ko lalacewa ya yi, ta dogo ya tafi, ta dogo zai dawo.

Ranar da ya faɗi, da safen na tura masa Suruka da zobe. A cikin jiragenmu ita ce baƙar nan mai nauyi. Shi ya raɗa mata sunan, wai ga mita, kuma ba ta motsi sai an lallaɓa ta. Tana can, zoben yana can.

Laraba, 5 ga Maris

Na goge dogo. Tsumma da ɗan sifirit, kamar kullum. Dogon da aka daina bi yakan yi duhu, wani maiƙo ya hau shi, wuta ta daina kaiwa ƙafafun jirgi. Ido ma ba ya ganinsa sosai, sai ka kunna ka ga jirgi ya yi gum.

Bangon mai kauri ne, layin kuma ya ɗan lanƙwasa a ciki. Hannuna ba ya kai tsakiya. Tela dogo ne, sauran nasa ne. In muka tashi goga rana ɗaya yatsunmu kan haɗu a ciki, ya mintsine ni ya ce, "Injiniya, ka tsallaka iyaka." Yau na tura hannu har kafaɗa. Iska kawai, mai sanyi.

Na zagaya da Auta a ɓangarena. Shi ne koren, wanda na saya a ƙarshe. Ya bar tasha, ya haye gada, ya dawo tashar da ya bari. Sau nawa mutum zai kalli wannan? Na kashe.

Asabar, 8 ga Maris

Na buga ƙararrawa. Na ji tana ƙara a ɗakin da babu kowa. Ashe batirinta bai mutu ba.

Lahadi, 9 ga Maris

'Yata ta kira. "Baba, yanzu me ya rage maka a gidan nan?" Wai akwai ɗaki a wurinsu, yara za su ji daɗi, jiragen ma a jera su a kabad ɗin gilashi. A kabad. Na ce mata jirgi ba kwano ba ne. Muka yi sallama.

Ba ta yi laifi ba, na san ba ta yi ba. Amma da na ce mata Suruka tana wancan ɗakin, sai ta ce, "To a karɓo makulli mana a ɗauko ta." Abin da kowa zai ce ke nan.

Alhamis, 13 ga Maris

Na je wurin 'yan gwanjo, don ƙafa ta motsa. Mai rumfar da na saba zuwa ya ɓoye mini wani tarago ja a ƙasan tarin tsofaffin rediyo. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, rufin ya tsage. Na karɓa, na dawo da shi a aljihu ina taɓa shi a hanya kamar wanda ya tsinci wani abu.

Sai da na hau matakala na tuna babu wanda zan nuna wa. Da Tela yana nan da na ɗora shi a dogo na tura masa ba tare da wani bayani ba, in ji ya ɗaga murya ta kafar yana cewa, "Wannan kuma daga wace bola?" Kwana biyu sai ya dawo mini da shi da labule a kowace taga, ɗinkin da sai ka sa tabarau za ka gani. Fasinjojin tasharsa ma shi ya yi su, da maɓallai da zare. Akwai wata mata mai lema, akwai wani mai tumbi da ya ce ni ne.

Abin mamaki, ba mu cika shiga ɗakin juna ba. Shi mai surutu, ni ba na iya dogon zance, in muka zauna tare sai mu gaji da juna. Amma ta tarago mun aika wa juna sukari, allura, ƙwayar ciwon kai, makullin mita. Lokacin da marigayiya ta rasu bai ce mini komai ba, ya san ba na so. Kullum da safe dai ya nemi hanya, in ba shi. Da haka na tashi daga gado a watannin nan.

Na miƙe ƙafar taragon. Tagoginsa tsirara.

Talata, 18 ga Maris

Mai gidan ya tare ni a matakala. "Baba Injiniya, an samu mai shiga ɗakin Tela. Ramin nan fa sai an toshe, ba kowa zai yarda da kafa a falonsa ba." Na ce ubansa ne ya ba mu izini. Ya ce Allah ya jiƙan Baba, amma ba shi zai kwana a ɗakin ba. Bai yi ƙarya ba, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci.

Makullin yana hannunsa yana kaɗa shi. "Zo mu je yanzu in buɗe maka, ka ɗauki abinka." Na ce ba yau ba. Ya ce yaushe? Na ce ƙafata tana ciwo, na wuce shi, da ƙafar da take ciwon.

In na ɗauko ta a hannu na biyo da ita ta baranda, shi ke nan, na yarda Tela ba zai sake buga ƙararrawa ba. Na san ba zai buga ba, ba yaro ba ne ni. Amma ba da hannuna ba.

Jumma'a, 21 ga Maris

Mai shiga ɗakin Tela ya tare. Ƙato ne, kafaɗarsa ta cika ƙofa, ga fulawa har a girarsa. A gidan burodin ƙarshen layi yake aiki, yana fita da magariba ya dawo da hantsi. Kayansa duka a tafiya ɗaya aka hawo da su: katifa, jaka, rediyo, ɗan murhu. Babu mata, babu yara.

Mun haɗu a baranda. Ya ce, "Sannu, Baba." Na ce, "Yauwa." Ban ƙara ba. Me zan ce? Ka bi a hankali da matar mai lema?

Litinin, 24 ga Maris

Da, in na sunkuya na leƙa, nakan ga ɗan haske a can lanƙwasar. Yau duhu. Mutumin ya cusa wani abu a ciki.

Alhamis, 27 ga Maris

Na yi wauta, kuma babu wanda zan ɗora wa.

Tun da mutumin ya tare ban taɓa ƙararrawa ba. Yau na sha shayi, na wanke kofi, na zauna gaban tebur, sai hannuna ya danna. Ban sa shi ba. Shekara da shekaru abin da yake yi ke nan bayan shayi.

Sai bango ya amsa. Dum, dum.

Biyu.

Wallahi ban yi tunani ba. Jikina ya ɗauki zafi, na juya makarkatar layi, na murɗa wuta, Auta ya bar tasha da fitilarsa a kunne ya shige kafar, har ina jin bakina yana murmushi. Sai da wutsiyarsa ta ɓace na tuna abu uku lokaci guda: babu zobe a kansa, akwai toshi a gabansa, kuma Tela ba ya dukan bango.

Na ji ya yi wani ƙugi, ya yi shiru. Na juya wuta baya, ko gezau. Na tura hannu har sai da kafaɗata ta goge, ban taɓa komai ba. Ya maƙale daidai wurin da hannun Tela kaɗai yake kaiwa.

Mutumin barci yake, na tashe shi, ya bugi bango don in yi masa shiru. Shi ke nan abin da ya faru. Na zauna a ƙasa ina kallon ramin har shayin cikina ya huce. Ba kunyar wautar ce ta fi damuna ba. Murnar da na yi ce.

Jumma'a, 28 ga Maris

Na lanƙwasa waya na gwada saƙalo shi. Abin da ya biyo wayar 'yar ƙugiyar bayansa ce, na karya. Na ajiye.

Mai gidan ya aiko: birkila zai zo Asabar ta sama. In ban fito da Auta ba, a cikin bango za a rufe shi da siminti.

Litinin, 31 ga Maris

Na tsaya bakin ƙofarsa. Rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Ƙofar Tela ce, ga ma ƙusar da yake rataye tef ɗin awo. Na ɗaga hannu, na sosa kunne, na dawo.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na ƙwanƙwasa, bayan la'asar, lokacin da na ji ya tashi yana wanke baki.

Na shirya magana tun jiya, da ya buɗe duk ta zube. Na ce, "Malam, jirgina yana cikin bangonka." Ya dube ni, ya dubi bangon. Ya ce, "Baba, wai kai ne mai ƙararrawar?" Ashe ya zata wayar gidan ce ta haɗu. Ya dawo aiki ido ya fara rufewa, sai ƙirrr a kan kansa. Na ce, "Ai sau biyu ka buga." Ya ce, "To da sau uku na buga fa?" Na ce babu uku a dokarmu. Ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Ban ga abin dariya ba, amma na bar shi ya gama.

Ya ce in shigo. Falon Tela babu Tela, babu keke, babu tarin ƙyallaye. Katifa a ƙasa, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Na dubi teburin. Na zata zan ga tukunya a kan tashar.

Bai taɓa komai ba. Rediyonsa ma a gefe ya ajiye, inda babu dogo. Matar mai lema tana tsaye, mai tumbi yana tsaye, Suruka tana gaban tasha da zobenta, ƙura ta yi mata mayafi. Ya ce, "Na ga kamar na wani ne da zai dawo." Na juya na yi kamar ina duba soket.

Safa ce ya cusa, da sanda ya tura ta ciki, wai iska tana damunsa. Mun saƙalo ta da waya, rabi ya fito, zare yana binsa. Sauran ya naɗe ƙafafun Auta, shi ya sa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Hannun mutumin a wuyan hannu ya tsaya, bai shiga ba. Nawa ya shiga, bai kai ba. Ya ɗauko sandar share ɗaki zai zungura, na riƙe ta da hannu biyu. Fitilar gaban Auta ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

Na ce hanya ɗaya ce: Suruka ta shiga ta turo shi. Ni in tsaya a wurina in karɓa, shi ya tuƙa daga nan. Ya dubi yatsunsa. Ya ce, "Ni?"

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ɗan Tela ya haɗa da igiyar akwatin wuta a cikin kayan da ya kwashe. Na zagaya kasuwa kafin in samu mai irin bakinta. Da muka kunna, Suruka ta yi mita ta ƙi motsi. Na buɗe cikinta a kan teburin Tela, na sa mai, na goge. Mutumin ya ɗaure tsumma a kan sanda yana goge dogon can ciki, harshensa a waje.

Matarsa da 'ya'yansa suna can nesa. Ya ce yana kiransu kafin ya fita aiki, sai ƙaramar ta ce ga shi nan ana kiranta, ta miƙa wa uwarta. Ya faɗa yana dariya. Ban iya irin wannan ba. Na ce ya miƙo mini ƙaramin sukudireba.

Da magariba ta yi ya tafi. Ba mu gama ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Birkila ya zo da bokiti da cebur, ya tashi maƙwabcina daga barci. Ina tsugune bakin kafar, yanzu da babu safa ana jin komai.

"An ce in toshe rami."

"Akwai mutum a ciki," in ji maƙwabcina.

"Mutum?"

"Jirgi. Ka dawo wani satin."

Birkila ya sauka yana mita, wai gidan nan ba lafiya. Na daɗe a tsugune, gwiwata ta riƙe.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ta tashi. Amma mutumin yana murɗa wuta kamar famfo, ƙafafunta su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna tartsatsi. Na ce lallaɓa ta ake yi, kaɗan-kaɗan, har ka ji ta yarda. Ya ce ashe halin kwaɓi ne da ita, in ka matsa masa ya ƙi tashi. Mun yi ta gwadawa daga tasha zuwa bakin kafa. Ya kayar da mai tumbi da gwiwar hannu, ya tashe shi ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji." Ban gaya masa ko wane ne ba.

Na koya masa dokar ƙararrawa. Ya ce ya gane. Ban yarda ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Na zauna a wurina. Na ce masa ya danna ƙararrawa sau ɗaya in ya shirya. Ina jira, ina jira, sai na ji dum a bango. Na ce a raina, ai na faɗa.

Na buga sau biyu. Tun ranar da Tela ya faɗi ban ba kowa hanya ba.

Da farko mitar Suruka kawai, daga nesa. Ta tsaya, na ji ta ci karo da shi a hankali. Ƙafafunta suka fara zamewa, na ciji leɓe don kada in yi masa ihu ta ramin. Ya rage wuta da kansa, ya sake ƙarawa kaɗan. Sai ga bayan Auta, yana jan ciki, zaren safa yana bin sa, ita kuma tana biye tana tura shi tana ƙorafi, zoben yana lilo a kanta. Ta dogo ta tafi, ta dogo ta dawo. Idona ya kawo ruwa, amma na buɗe kwalbar sifirit a kusa, yana iya zama shi ne.

Ya zagayo bakin ƙofata, bai shigo ba. "Sun iso?" Na ce sun iso. Ya ce, "To, Baba, yanzu ka samu kayanka. Asabar sai a toshe ko?"

Na ce, "Yadda ka gani."

Ya ɗan tsaya. Sannan ya ce bari ya je, wutar gashin burodi tana jiransa. Ban ma ce masa na gode ba, sai da ya sauka na tuna.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na cire zaren daga ƙafafun Auta da allura. Na manna masa ƙugiya. Suna nan su biyu a tasha, gefe da gefe, zoben yana aljihuna. Abin da nake nema ke nan tun watan jiya, ga shi na samu.

Ɗakin bai taɓa yin shiru kamar yau ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na kira ɗan Tela, na ce ya sa wa ubansa waya a kunne. Ya ce ba zai iya amsawa ba fa. Na ce na sani.

Na ji numfashinsa. Na ce, Tela, ni ne. Na ce Suruka ta dawo, ba ta ƙofa ba. Na ce akwai wani a tasharka, yatsunsa kamar muciya, amma bai zubar maka da fasinjoji ba. Na ce na tura jirgi ba zobe, ka yi mini dariya in kana so. Numfashi kawai. Ban taɓa yi masa doguwar magana haka ba sai yau da ba zai katse ni ba.

Sai na ce, "Ina neman hanya."

Na ji wani ƙwas, kamar ƙarfe a jikin tangaran, wayar tana ta ƙara, wani yana magana a bayansu. Yaron ya karɓe. "Baba, yana buga cokali a kofi, ina jin shayi yake so."

Na ce, "Sau nawa ya buga?"

Ya ce, "Wallahi ban ƙirga ba."

Asabar, 12 ga Afrilu

Jiya da safe ban taɓa ƙararrawa ba, mutum yana barci. Na jira har bayan la'asar, sai da na ji rediyo. Ba wani abu ba ne, dogon can ciki ne, an sha wahalar goge shi, in aka bar shi zai sake yin duhu. Na rataya wa Suruka zobe, na haɗa mata jan taragon nan mara labule. Na san in tana can ba a toshe rami, shi ma ya sani, shi ya faɗa wa birkila da bakinsa.

Na buga sau ɗaya.

Rediyon ya yi shiru. Na daɗe ina kallon bango, har na fara cewa da ma ban buga ba, tsofai-tsofai da ni.

Dum, dum.

Yau birkila ya zo, maƙwabcina ya ce masa jirgi yana waje. Birkilan ya rantse ba zai sake hawa matakalar nan ba. Mai gidan zai yi magana, sai ya yi. Da la'asar Suruka ta dawo, da gutsuren burodi a cikin taragon, an yanka shi daidai faɗin ƙofarsa. Na ci da shayi. Gishiri ya ɗan yi yawa, zan gaya masa.

Biyu Tela ya buga. Na sake tunawa da kyau, biyu ne.

Shi kuwa wannan har yanzu bango yake duka, ga ƙararrawa a gabansa. Ban gyara masa ba.